Notin da Ya Kusa Cin Aikin Remilekun

Akwai wani dattijo mai gyaran kwamfuta a Mokola, cikin Ibadan, ana ce masa Baba Oladosu. Samarin masu gyara sun laƙaba masa Baba Hawainiya, don aikin da za su gama cikin awa guda shi sai ya kwana biyu yana kallonsa.

A layinsu akwai shagon buga katin biki na Oga Fagbemi. Ma'aikaciyarsa Remilekun ce ke zana kati a kwamfutar shagon da safe, shi kuma Oga ya karɓi kwamfutar da la'asar. Sai kwamfutar nan ta tsiri wani hali, ana tsaka da aiki ta ɗauke ɗif. Wata rana sau uku, wata rana ko sau ɗaya. Abin haushin kuma, a hannun Remilekun kaɗai take yi.

An kai ta wurin samari. Wannan ya goge komai ya sake zubawa, wancan ya canza ram, na uku ya rantse furosesa ce ta gaji. A shagonsu takan yini lafiya lau, ana dawo da ita ta koma gidan jiya.

Ranar da ta ɗauke da katin wani babban biki, Oga ya kai bango.

"Remi, ni ba ta taɓa yi min ba. Ko hannunki ne ko ƙafarki, ban sani ba. Juma'a ki ajiye min makulli."

Da aikin nan Remilekun ke riƙe da 'ya'ya biyu. Ta je ta durƙusa gaban Baba Oladosu, ido cike da hawaye.

Ya ce, "Tashi 'yata. Ƙarfe nawa take mutuwa?"

"Baba, ba ta da lokaci."

"Tana da shi, ba a dai rubuta ba ne. Kada ku ɗauko ta, ni zan zo."

Da safe sai ga shi da kujerarsa da ɗan littafi. Ya taɓa bayan kwamfutar, babu zafi. Ya auna wuta, daidai take. Ya nemi wuri ya zauna.

Oga ya leƙo ya ce, "Baba, gyara ka zo yi ko zaman makoki?"

"Bari ta mutu tukuna, sai mu yi tare."

Ta ɗauke tara da minti goma, ya rubuta. Ta sake sha ɗaya saura, ya rubuta. Kashegari bai ƙaro komai ba sai kofin ruwa da ya ɗora kan teburin. Da ta ɗauke, shi ruwan yake kallo, ruwan kuwa yana rawa.

Da la'asar ya ce Oga ya zauna ya yi aikinsa. Ya raɗa wa Remilekun, "Zagaya bayan bangon nan, ki roƙi Iya Sikira ta tayar da injin markaɗenta."

Inji ya tashi, tebur ya ɗauki kyarma. Ba a yi minti biyu ba kwamfuta ta ɗauke a hannun Oga.

Baba ya ce, "Oga, hannunka ne ko ƙafarka?"

Sai a lokacin ya kwance ta. Ya ɗaga madabod, wato babban allon da komai ke kansa. A ƙarƙashi akwai wani ɗan noti na tagulla da aka ɗaura inda babu raminsa tun ranar da aka haɗa ta. Da tebur ya girgiza sai ya taɓa allon, wuta ta haɗu. Mata kuwa da safe suke kai markaɗen attaruhu, daidai lokacin aikin Remilekun.

Kunya ta rufe Oga. Ya cire hula a gaban mutane ya ce, "Remi, na zalunce ki. Ki yafe min."

Ta yafe, amma ta roƙi Baba notin. Har yau yana rataye jikin makullan shagon, kuma ita ke riƙe da su.

Darasi: Kada ka ɗora wa mutum laifi don kawai abin a hannunsa ya faru. Ka zauna, ka lura, ka bincika, domin gaggawar hukunci tana iya raba marar laifi da abincinsa. Ku tura wa duk wanda ke da ma'aikata a ƙarƙashinsa.