Sawun Ƙuda a Ɗakin Kaji

Akwai wani mai kiwon kaji da ake yi wa laƙabi da Sarkin Tsafta. Mutum ne mai ƙwazo, amma fa akwai ji da kai. In ya faɗi magana, to ta zauna. Kaji dubu biyu gare shi, saura mako biyu su fara ƙwai, kuma duk abin da ya mallaka a kansu ya zuba.

A ƙofar ɗakin kajin ya girke daron ruwan magani. Ko surukinsa ne ya zo, sai ya tsoma takalmi kafin ya shiga. Sai dai a bayan katanga akwai wani buɗaɗɗen rami, nan ake zubar da kashin kaji da mushe.

Wata rana tsohon da ke share masa ɗakin ya ce, "Maigida, ƙudan ramin nan sun yi yawa. Bari in rufe shi da ƙasa."

"Haba Baba! Ƙuda kuma? Abin da kaza ke cafkewa ta haɗiye? Kai dai ka riƙa wanke takalminka."

Ba a yi kwana biyar ba kaji suka fara zawo, suka saki fukafukai. Yau a kwashe matattu goma, gobe hamsin. Sarkin Tsafta ya rantse tsohon ne ya kwaso cuta a ƙafarsa, ya sallame shi. Mutuwa kuwa ba ta tsaya ba.

Da abin ya fi ƙarfinsa, ya kira likitar dabbobi. Ta zagaya gonar, sannan ta sa aka kawo mata garin bula irin ta wanki. Ta barbaɗa a kan ramin, ta ce a jira. Bayan awa guda ta ja Sarkin Tsafta cikin ɗakin, ta ce, "Sunkuya ka duba."

Ya sunkuya. A bakin mazubin abinci da na ruwa, ga shuɗɗan ɗige-ɗige nan birjik, ƙanana kamar tsinin allura, ba su ƙirguwa.

"Sawun ƙuda ne," in ji likitar. "Yadda ya ɗauko bular nan, haka yake ɗauko ƙwayoyin cuta daga mushe, ya sauke a abincin kajinka. Sau nawa a wuni, Allah kaɗai ya sani."

Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce, "Ikon Allah! Wannan ɗan abin ne ya yi min haka?"

Likitar ta duba sauran kajin, ta ce duk sun kamu, dole a hallaka su. Kafin la'asar ɗakin ya zama wayam, ba a taɓa tsintar ƙwai ko ɗaya a cikinsa ba.

Darasin da ke nan, ɗan'uwa, shi ne kada ka raina halitta don ƙanƙantarta, kada kuma ka raina shawara don wanda ya ba ka ita a ƙarƙashinka yake. Mai kiwo ya tsaftace bayan ɗaki kamar yadda yake tsaftace ƙofarsa, ya binne mushe tun ƙuda bai sauka a kai ba.