Ruwan da Aka Rufe da Darduma

Akwai wani ma'aikaci da abokansa suke kira Ƙal-ƙal, saboda tsabar son tsafta. Da ya gama gininsa sai ya ce shi ba tayil zai sa ba. Ya sa aka shimfiɗa masa laminet, wato katakon zamanin nan da ake jerawa a ƙasa, tun daga falo har ɗakuna.

Ranar da kafintan ya kammala aiki, sai da ya ja shi gefe.

"Yallaɓai, samansa ba ya jin ruwa, amma cikinsa garin katako ne aka matse. In ruwa ya zube a goge nan take, shi ke nan. Kar dai a bari ya kwanta a mahaɗar katakon."

A duk bayanin nan kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Ƙal-ƙal: ruwa. Ya kafa doka a gidan, ko kofi kada ya gani a ɗaki.

Ana nan sai mahaifiyarsa ta dawo gidan da zama. A satin farko ƙaramar 'yarsa ta ɓarar da ruwa a falo. Ya dinga zazzaga mata masifa har yarinyar ta kasa cin abinci. Inna tana zaune tana kallo.

Ba a daɗe ba hannun Inna na dama ya fara rawa. In ta ɗauki kofi a ɓoye a bakin gado, ko da hannu biyu ta riƙe sai ya zube. Gwiwa ba ta barin ta ta sunkuya, in kuma ta nemi tsumma za a tambayi dalili. Sai ta sa ƙafa ta jawo darduma ta rufe wurin. Hannun kuwa ta cusa shi cikin mayafi.

Kullum da safe Ƙal-ƙal yana zuwa gaishe ta. Daga bakin ƙofa yake tsayawa, bakinsa yana "Inna, an tashi lafiya?" idonsa yana ƙasa, yana duba ko an shigo da takalmi.

Wata rana ya shiga ɗakin zai buɗe taga, ya yi tuntuɓe. Katakon gefen gado ya kumbura, bakinsa ya ɗago. Nan take ya kira kafintan a waya.

"Zo ka ga ha'incin da ka yi mini. Ko shekara ba a yi ba."

Kafintan bai yi musu ba. Da ya zo ya durƙusa, ya ɗaga dardumar. Ƙasanta a jiƙe yake, yana warin danshi. Ya danna katakon da babban yatsa, ya lotsa kamar burodi.

"Yallaɓai, wannan ba ruwan rana ɗaya ba ne. Kaɗan-kaɗan ne, kullum a wuri ɗaya, kuma ana rufewa. Zai kai wata uku. Da gogewa ake yi, ko tabo ba za ka gani ba."

Ƙal-ƙal ya juya kan matarsa, wadda take tsaye a bakin ƙofa.

"Ke kike share ɗakin nan. Sau nawa zan faɗa…"

"Ƙyale ta," in ji Inna. "Ni ce."

Ta zaro hannun daga cikin mayafi ta ɗora a cinya. Yana ta kaɗawa shi kaɗai, ta sa na hagu ta danne, bai tsaya ba.

"Inna, me ya hana ki faɗa mini?"

"Na ga yadda ka yi wa 'yarka a kan kofi ɗaya, ɗan nan. Ni kuma kullum ne. Tsoro na ji."

Kunya ta rufe Ƙal-ƙal, ya rasa inda zai sa kansa. Kafintan ya tattara kayan aikinsa, ya ce a hankali, "Katakon guda huɗu ne, gobe ma sai in canza. Ka fara da hannun."

A ranar ya kai ta asibiti. Likita ta duba hannun, ta sa Inna ta miƙe shi, ta lanƙwasa. Sannan ta dubi Ƙal-ƙal.

"Kai ne ɗanta? Gida ɗaya kuke?"

"E."

"Tun yaushe ya fara?"

Kullum yana ganin ta, amma bai sani ba. Amsa ɗaya ce a hannunsa, ita ma ba tasa ba ce.

"Zai kai wata uku," ya ce. "Kafinta ne ya gaya mini."

Darasi: Faɗa ba ya hana ruwa zubewa, sai dai ya koya wa mutanen gida ɓoyewa, kuma abin da aka ɓoye shi ne yake ɓata ƙasa, ya ɓata lafiya. Ka zama wanda za a iya gaya wa "na zubar" ba tare da fargaba ba. In ka shiga gaida mahaifiyarka, ita za ka duba. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila akwai mai rufe wani abu da darduma a gidansu.