Littafin Farfesa Barau

Shekara biyu Farfesa Barau yana ƙin sa hannu a kundin ɗalibinsa Sallau, ga shi digiri ba ya kammala sai da hannun nan. Ran nan ya ce, "Kawo min abin da ba wanda ya taɓa karantawa, kuma kowane layi ya fito daga bugaggen littafi. In ka kasa, sai baɗi."

Sallau ya ce, "To, ranka ya daɗe."

Bayan mako guda ya dawo, ya tarar da Farfesa cikin malamai ana shan shayi. Farfesa ya buɗe kundin, ya ɗaure fuska. "Kai, ai littafina ne ka kwashe kaf."

"Shi ne, ranka ya daɗe. Shekara goma sha tara yana laburare ba wanda ya ara. Ni na ɓare ledarsa."

Farfesa ya rage murya. "To ai kai ka karanta."

"Wallahi ban karanta ba, mai fotokwafi na miƙa wa. Sai dai in a nan akwai wanda ya karanta."

Farfesa ya dubi malamai. Kowa ya cusa kai cikin kofinsa.

Ya ce, "Miƙo biro."