Wayar da ta Yi wa Malam Nomau Ta'aziyyar Kansa

To, ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku, don yau ma a kan waya zan ba ku labari, kuma sai kun yi mini hukunci kafin ku tashi.

A garin Rafin Ɗinya akwai wani dattijo, Malam Nomau, mai fili ɗaya a gonakin noman rani na gwamnati. Shekara talatin yana noman shinkafa a wurin, da ita yake ciyar da gidansa. Ƙa'idar ofishin ita ce, idan manomi ya rasu, a ba wani mutum filinsa.

Da aka kawo kwamfuta aka shigar da sunayen manoma, sai aka yi irin kuskurenmu. Kun san mu, wanda bai san ranar haihuwarsa ba, ɗaya ga Janairu ake rubuta masa, sunan garinsu kuma ya zama sunan mahaifi. Ashe Nomau Rafin Ɗinya biyu ne, kowa ɗaya ga Janairu. Kwamfuta ta ɗauka mutum ɗaya aka rubuta sau biyu, ta haɗe su, ta bar fili ɗaya, mai lamba arba'in da bakwai. Da ɗaya Nomau ɗin ya rasu, sai ta kashe namu.

Ma'aikata uku ne suka cece shi. Na farko a labarin nan Lurwanu ne, yaron ofis mai kula da kwamfuta. Shi ya lura manoma ba sa karanta saƙon rubutu, ya zauna ya haɗa wata dabara da waya za ta riƙa kiran mutum ta yi masa magana da Hausa. Ba wanda ya sa shi, har ana yi masa dariyar ƙaƙale. Ranar Litinin Malam Nomau na tsakiyar ruwa sai wayarsa ta yi ƙara, murya ta ce, "Muna yi wa iyalan marigayi Nomau ta'aziyya. Za a ba da filinsa ranar Alhamis." Dattijo ya taɓa ƙirjinsa, ya ji yana numfashi, ya ɗauki hularsa sai ofis. Ba don kiran nan ba, da sai dai ya ga baƙo a gonarsa.

Daraktan ofishin ya dube shi da tausayi, ya ce, "Baba, na ga kana da rai, amma Nomau ɗaya ne a wurinmu, kuma ya rasu."

Ta biyu Baba Tasalla ce, mai ajiyar fayil. Tun zuwan kwamfuta aka ce ta ƙone tsofaffin katuna, ta ƙi, ta jera su a kan bulo tana barbaɗa toka saboda gara. Taurin kanta ya ishi kowa. Kwana biyu tana tonon ƙura tana atishawa, har ta fito da kati biyu, Nomau biyu, dangwalen yatsa daban, fili daban. Sai dai katunan ba hoto, yatsun dattijo kuma noma ya shafe zanensu. An yarda su biyu ne, amma ba a san na wa ne arba'in da bakwai ba.

Na uku Barau ne, malamin gona, wanda babur ɗinsa ya san kowace kunya a gonakin. Ɗabi'arsa ce ya ɗauki kowane manomi hoto a cikin filinsa da na'urar ofis, wadda ke buga rana da wuri. Manoma na ƙorafin yana tsayar da su cikin rana. Da safiyar Alhamis ya nemo hoton Malam Nomau yana dashe a arba'in da bakwai, mako uku bayan an binne takwaransa. Darakta ya sa hannu a bar wa dattijo filinsa, alhali wanda za a ba filin yana zaune a benci yana jira.

Wallahi dattijon nan sai da ya yi hawaye.

Ƙarshen shekara ofis na ba ma'aikaci ɗaya takardar yabo da ƙarin girma, ɗaya tak. Darakta ya aika aka kira Malam Nomau, ya ce shi zai zaɓa. Dattijo ya dubi Lurwanu, ya dubi Tasalla, ya dubi Barau, ya ce, "Ranka ya daɗe, fitar da ni daga kabari ya fi wannan sauƙi."

To, ga ku ga su. Wanda ya sa ya ji, ko wadda ta nuna su biyu ne, ko wanda ya nuna filin nasa ne: wa za ku miƙa wa takardar?