Nas ɗin da ya kashe ƙararrawa

An yi wani mutum a nan ƙasar Daura, ba zan kama sunansa ba, don 'ya'yansa suna nan da rai. Ma'aikacin jinya ne a wani asibiti, ya daɗe yana aiki, kuma hannunsa yana da sauƙi. Jijiyar da ta gagari kowa, shi ake kira ya nemo ta. Tsofaffi daga ƙauye in sun zo, da sunansa suke tambaya tun daga bakin ƙofa.

Ana nan sai aka turo wani matashi mai suna Sha'aban, ɗan garin Babban Mutum, ya fara aiki a ƙarƙashinsa. Shi ya koya masa sa ƙarin ruwa da wanke ciwo. Sha'aban ba ya kiransa da komai sai Yaya. Tare suke cin abinci, a kan babur ɗaya suke komawa gida.

Sai gwamnati ta ce za ta buɗe sashen kulawa ta musamman a asibitin, wato ɗakin da ake kwantar da waɗanda ke tsakanin rai da mutuwa, a jona musu na'urori. Ana neman nas ɗaya da za a tura jami'a ya yi karatu mai zurfi a kan wannan fanni. Su biyu suka zauna jarrabawa. Sha'aban ya ci, mutumin nan bai ci ba.

Ya 'yan uwa, a nan Shaiɗan ya sami ƙofa. Da bakinsa ya ce, "Allah ya sanya alheri, ƙanena."  Amma ya riƙa faɗa wa kansa, yaron da na koya wa riƙe allura? Yaron da ya zo ko sa safar hannu bai iya ba?

Duk tsawon karatun, Sha'aban yana kiransa a waya yana ba shi labarin abin da ake koya musu: yadda na'ura ke yi wa mutum numfashi, yadda ake karanta bugun zuciya a allo. Shi kuwa ji yake kamar ana zuba masa barkono a ido. Daga baya ma ya daina ɗauka.

Sha'aban ya dawo da shaidar digiri na biyu, aka damƙa masa sabon sashen, aka sa mutumin nan a ƙarƙashinsa. Sha'aban bai ɗaga masa kai ba. Ya same shi ya ce, "Yaya, mu riƙa zama bayan azahar in nuna maka na'urorin nan. Da irin hannunka, a wata guda za ka wuce ni."

Ya ce, "Tun kana firamare nake jinyar mutane. Riƙe karatunka."

Daga nan ya koma yawo da shi a majalisa. Yau ya ce da hanya ya samu gurbin, gobe ya ce takarda kawai ya kawo, babu komai a kansa. In majinyaci ya tashi daga wannan ɗaki da ƙafarsa, mutane suna murna, shi ransa ɓaci yake. Ku duba, jama'a. Mai jinya, yana baƙin cikin majinyaci ya warke! Wace irin cuta ce wannan?

Wata ranar kasuwa aka kawo wata mata daga wajen Zango, sunanta Kubura. Ta haihu, ta zubar da jini mai yawa, aka yi mata aiki, aka jona mata na'urar numfashi. Sha'aban ya tsaya a kanta har ta fara farfaɗowa. Likita ma ya yaba masa a gaban kowa, kuma mutumin nan yana ji.

Da la'asar aka kawo mutanen da suka yi hatsarin mota, aka kira Sha'aban ya taimaka a sashen gaggawa, can ɗaya gefen asibitin. Kafin ya fita ya ce, "Yaya, in ƙararrawar na'urar nan ta yi kuka, a kira ni nan take."

Bai daɗe da fita ba ƙararrawa ta fara kuka. Akwai wata nas a ɗakin, Hajiya Raihana, ta ɗauko waya. Mutumin nan ya ce, "Ajiye. Ni ne babba a nan. Waɗannan na'urori haka suke ihu a banza." Ya miƙa hannu ya danna, ƙarar ta mutu.

Ba niyyar kisa ya yi ba. Abin da ya raya a ransa shi ne, bari jikinta ya ɗan rikice, a ga ƙarshen mai digiri, sannan shi ya gyara da hannunsa. Amma bututun da ke kai mata iska ne ya toshe, shi kuwa bai san yadda ake gane hakan ba, don ya ƙi koyo. Da leɓenta ya fara canza launi, Raihana ta ture shi ta fita da gudu. Sha'aban ya zo yana haki, ya yi duk abin da ya sani. Rai ya riga ya yi halinsa.

Aka yi bincike. Raihana ta faɗi abin da ta gani, ba ƙari ba ragi. Aka kore shi, aka ƙwace lasisinsa. Ya buɗe ɗan kyamis a unguwa, amma labari ya riga shi isa, ko maganin ciwon kai mutane sun gwammace su yi tattaki su saya a wani wuri. Ya rufe. Sha'aban ya zo gaishe shi har gida, ya ce a ce ba ya nan.

Wata safiya aka yi masa sallama. Ya fito ya tarar da wani manomi, rungume da jaririya cikin zane. Ya'u ne, mijin Kubura. Bai zage shi ba, bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, an ce kai ka kashe ƙararrawar. Na zo ne in ji daga bakinka, don yarinyar nan za ta girma ta tambaye ni. Me uwarta ta yi maka?"

Me zai ce? Ko sunanta bai sani ba kafin ranar. Ya'u ya gaji da jira, ya juya ya tafi. Tun daga ranar mutumin nan bai ƙara zama cikin mutane ba. Masallaci ma sai an tayar da salla yake shiga, ana sallamewa ya fice.

Ya 'yan uwa, mai hassada da Allah yake jayayya, don Shi ya raba, Shi ya ba wa wanda ya so. Kuma kibiyarsa ba ta cika samun wanda ya auna ba. Sha'aban yana nan yana aikinsa. Wadda aka binne baiwar Allah ce da ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba. In ƙaninka ya fi ka sani, zauna ka koya a wurinsa. In ka ji zuciyarka tana zafi don wani ya samu, yi masa addu'a tun kafin zafin ya kai hannunka.

Allah ya wanke mana zukatanmu, ya jiƙan Kubura, ya raya abin da ta bari. Allah ya kiyaye mu daga zama sanadin hawayen wani.