Wa Zai Riƙe Muntari?

Ku ajiye wayoyin nan ku ba ni kunnuwanku. Maganar yau ba ta 'yan kallo ba ce, kowa sai ya tofa albarkacin bakinsa.

A wani ƙauye an yi wani manomi, Malam Nalado, da matarsa Sahura. Ɗansu na fari shi ne Muntari. Kun san halinmu da ɗan fari: uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ko faɗuwa ya yi sai ta kau da kai. Da aka yaye shi sai yayar Nalado, Gwaggo Ladidi, wadda Allah bai ba haihuwa ba, ta ɗauke shi riƙo. Ya tashi yana ce mata Inna, Sahura kuwa yana ce mata Yaya.

Yana fara wayo farfaɗiya ta kama shi. In ta kayar da shi kowa sai ya watse, wai yawun mai ita yana yaɗa ciwo. Ladidi kaɗai ke durƙusawa ta tallafe kansa, ta goge masa baki da gefen zanenta. An yi hayaƙi, an sha rubutu, an karɓo ƙwayoyi daga asibitin gari, ciwo sai gaba yake yi, har maganar yaron ta fara sarƙewa. A wannan zaman jinya Ladidi ta lura da abin da ba wanda ya lura: ciwon ya fi tasowa kafin karin kumallo, in yaron ya ci abinci sai ya lafa.

Sahura tana da wa, Isiyaku, tela ne a birni. Ya zo ganin gida ya tarar ana shirin kai yaron wurin masu cire iska. Ya ce sam. Aka zage shi, aka ce birni ya cinye masa imani, bai kula ba. Ya rufe shagonsa ana tsakiyar ɗinkin salla, ya yi ta zarya a babban asibiti har ya sami likitar ƙwaƙwalwar yara. Da ta ji abin da Ladidi ta lura da shi, sai ta ce a yi gwajin ƙwayoyin halitta, wato a duba abin da yaro ya gado a jini. Ta ce a kawo uwa da uba a ɗebi nasu a haɗa.

To, ga inda aka yi ta. Isiyaku ya koma shago ranar ɗibar jini. Aka ce ina uban yaro, Nalado ya miƙa hannu. Aka ce ina uwarsa, Ladidi ta miƙa nata. Kuma ba ƙarya ta yi niyya ba, a wurinta wace ce uwarsa in ba ita ba?

Da sakamako ya dawo, likita ta kira su ta rufe ƙofa, ta yi ta kame-kame, sannan ta ce, "Malam, ka yi haƙuri da tambayata. Gwajin ya nuna kai da Hajiya uwarku ɗaya ubanku ɗaya."

Nalado ya ce, "Ai kuwa, likita. Yayata ce."

Likita ta dafe kai. Ta ce an ga wani canji a jinin yaron, amma ba za a tabbatar shi ne sanadi ba sai an ga wadda ta haife shi.

Sahura ta zo a lulluɓe, ga surukarta ga dangin miji cike da baranda. Likita ta ce, "Malama, mene ne sunan ɗanki?" Sahura ta sunkuyar da kai ta ce, "Muntari. Ni na haife shi." Ranar ce ta fara kama sunan nan, yaron ya juyo yana kallonta. Ba ta tsaya nan ba. Ta faɗi abin da gidansu suka daɗe suna binnewa: tun tana budurwa, in ta yi azumi ko doguwar tafiya, ƙafafunta kan sandare su yi ta karkarwa. Ta san maganar za ta kai ƙauye, ta san ƙannenta mata ne za su sha gori wurin manema, amma ta faɗa.

Aka ɗebi jininta, aka sami canjin nan a jikinta. Ashe ƙwaƙwalwar yaron ce ba ta samun sukarin da ke cikin jini yadda ya kamata, kullum cikin yunwa take. Likita ta ce a daina ba shi tuwo da kunu da fura, a koma man shanu, ƙwai, kifi da ganye, kowanne a kan awo. Ladidi ta koyi awon, ta ware masa tukunya, ta hana maƙwabta miƙa masa ko ƙosai. Ciwo ya kwanta, baki ya buɗe, Muntari ya shiga makaranta.

Sai dai likita ta gindaya sharaɗi: abincinsa ya zama a hannu ɗaya, a gida ɗaya, don kuskure kaɗan zai dawo da ciwon. Ladidi ta ce ba mai raba ta da ɗanta, ita ta goge yawunsa lokacin da kowa ke gudu. Isiyaku ya ce a ba shi yaron, gidansa ne kusa da asibiti, kuma da an bi ta tasu da yanzu ana can ana hayaƙi. Sahura ba ta ɗaga murya ba. Ta ce tunda bakinta ya riga ya kama sunan, ba za ta iya komawa ta ce "yaron nan" ba, tana son ɗanta a ɗakinta.

Nalado ya shiga tsaka mai wuya, ga yaya, ga suruki, ga mata. Ni ma da aka kawo mini maganar na tausaya wa dukkansu, na kasa yankewa.

To, ku da kuke zaune, ba don idon Ladidi ba da likita ba ta san inda za ta duba ba, ba don taurin kan Isiyaku ba da ba a je ba, ba don jinin Sahura da bakinta ba da ba a gano ba. A tukunyar wa Muntari zai ci?