Katangar Dagaci Barau

Ruwan farkon damina ya kayar da katangar Dagaci Barau, wadda rabonta da yaɓe an manta. Ya sa aka kira Kande mai daddawa.

Ya ce, "Jiya kin tsaya kina kallonta, ko tubarkalla ba ki ce ba. Hassadar zuciyarki ce ta kayar da ita. Ki tayar mini da ita yau."

Kande ta durƙusa, ta rufe ido jim kaɗan. "Ranka ya daɗe, na gina ta a zuciyata, har da yaɓe."

"Ƙarya! Ga ta nan a ƙasa."

"Ashe zuciyar da ta kasa ɗaga tubali ɗaya ce ta ture katanga? In kuwa tana iyawa, yanzu rawaninka nake kallo."

Dagaci ya dafe rawaninsa, ya sallame ta.